Diskin Farko

Tun ranar da aka ɗauko gawar mijinta Sha'ibu daga bakin kogi, Nuriya ba ta yi kuka ba. Matan unguwa sun ce taurin zuciya ne, kuma ba a ɓoye suka faɗa ba. Gaskiyar ita ce ta nemi kukan ta rasa. Takan zauna ta tuna yadda aka ce kwale-kwalen ya kife da shi da buhunan shinkafar mutane tsakanin Malanbil da Gaya, ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta, shiru. Sai ta tashi ta wanke kwanuka.

Sha'ibu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ɗan hanyar Kotonu. Da aka rufe gadar kan iyaka, kamiyon ya zauna a fili har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa, shi kuma ya bi sahun sauran direbobi, ya koma ƙetarar da kaya ta ruwa. Mutumin da ya yi shekaru yana wuce kogin nan ta sama bai taɓa koyon iyo ba. Wayarsa ma tare suka nutse.

Ya bar mata gida, da mahaifiyarsa Inna Ajuma da ke ɗakin da ke fuskantar nata, da wani tsohon ordinatar, wato kwamfuta, mai nauyin tsiya da ya sayo na hannu a Kotonu don takardun duwan, wato kwastan. Nata ya daɗe da mutuwa, don haka da nasa take karatu tun yana da rai.

Karatun ordinatar ɗin take yi a wata makaranta a Doso, shekarar ƙarshe. Abokan karatunta, masu hankali, duk sun zaɓi aikin kammalawa mai sauƙi, wannan ya shirya abin lissafin kantin magani, wancan na rajistar ɗalibai. Ita kuwa ta jajibo wa kanta aiki, ta ce sistam za ta gina nata na kanta tun daga tushe. Sistam shi ne abin da ke fara farkawa in an kunna inji, shi ke sa allo ya nuna rubutu, ya saurari madannai, ya san inda aka ajiye kowane abu a diski. Nata ɗan mitsitsi ne, ba hoto ba kiɗa, baƙin allo da farin rubutu kawai. Da ta shiga takaba, malaminta Mushe Alfari ya ce ta ci gaba daga gida, in ta fita ta zo ta kare aikin gaban malamai.

Ba a gwada irin wannan abu a inji na gaske tun yana ɗanye. Akwai dabarar da ake yi: a cikin ordinatar ake buɗe taga, a cikin tagar kuma akwai wani injin na ƙarya, da allonsa da diskinsa, duk na ƙarya. Mashin birtuwel suke ce masa a makaranta. A ciki ake sakin sabon sistam ya yi haukarsa. In ya ruguje, injin ƙarya ne ya ruguje, a rufe tagar a sake buɗewa.

A nan Nuriya ta tare. Mai takaba ba ta fita, ba kwalli ba turare, ba kasuwa ba biki, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta taɓa madannai, don waɗanda suka tsara al'adar ba su san da zuwan abin ba. Da safe in an kawo kuran, wutar lantarki, sai ta shimfiɗa tabarma, ta jawo kujerar tsugunno ta ɗora injin a kai. Makonnin farko ba abin da sistam ɗin ke yi sai mutuwa. Ta kunna, allon ya yi baƙi, ya sake kunna kansa, ya sake, ya sake. Ta bi rubutunta layi-layi, ta gyara, ta kunna, ya mutu. Abin bai ba ta haushi ba. Ba abin da ke ba ta haushi a lokacin, ko gishirin da ya yi yawa a miya ba ta ji.

Ranar da harafin farko ya fito a kusurwar allo, fari tas shi kaɗai, ta dube shi ta ce a ranta, nan ne ya kamata mutum ya ji daɗi. Ta ɗan jira ko daɗin zai zo. Da bai zo ba ta shiga aikin madannai.

Bayan la'asar kuwa injin ba nata ba ne, na Inna ne.

Sha'ibu mutum ne mai yawan bokal. In yana hanya ba ya rubutu, sai dai ya danna waya ya yi ta zuba, labarin tudu da gangare, farashin doya a Paraku, wanda ya yi masa rashin mutunci a shingen hanya. Wayar Inna 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba ta karɓar irin wannan saƙo, don haka duk ta wayar Nuriya suke zuwa, nata da na tsohuwa a haɗe. Da wayar ta cika ta daina ɗaukar komai, Nuriya ta kwashe su kaf ta zuba a ordinatar, ta goge na wayar. An yi haka tun kafin rasuwar. Yanzu duk duniya ba inda muryar Sha'ibu ta rage sai cikin tsohon injin nan.

Inna takan ɗaga labule, ta lallaɓo da sandarta don idanun sun yi rauni, ta zauna a gefen tabarma. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, mutuwa kuma ba ta sa ta fara ba.

"Ɗiyata, saka min mutumin."

Nuriya sai ta rufe tagar aikinta, ta buɗe wurin da saƙonnin suke, ta danna ɗaya. Muryar ta cika ɗakin, da ƙugin kamiyo a bayanta. Inna takan sunkuyar da kai tana amsawa kamar yana jin ta. "To." "Kai dai ka cika faɗa." "Allah shi kiyaye." Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta share ido da bakin zane. Nuriya tana gefe tana kallon ƙadangare a jikin katanga, kanta na can wurin dalilin da ya sa in ta danna wani harafi wani daban ke fitowa. Ɗaya kawai Inna ke saurara a yini. Ta ce ba ta son su ƙare da wuri, ko da yake an sha gaya mata ba ƙarewa suke yi ba.

"Ki riƙe min shi da kyau," takan ce in za ta tashi.

"Yana nan, Inna. Ba inda za shi."

Damina ta yi nisa, aikin ma ya yi nisa. Madannai suka daidaita. Sistam ɗin ya koyi ƙirga lokaci, ya koyi karɓar umarni ya ba da amsa. Saura abu mafi wuya, wato ya iya ajiye rubutu a diski, a kashe, a kunna, a tarar da shi. Nan ta daɗe. Kowane gwaji yana barin tarkace a diskin ƙarya, tarkacen jiya ya rikita gwajin yau, har ta rasa gane ko kuskuren sabo ne ko tsoho. Sai ta yi abin da duk mai gaggawa zai yi. Ta rubuta 'yan layuka a farkon sistam ɗin, ta ce masa da ya farka ya nemi diskin farko da ya gani, ya share shi tas daga kai har ƙafa, sannan a fara aiki a wuri mai tsabta. Diskin ƙarya ɗan ƙanƙani ne, kafin ƙiftawar ido an gama. Rubutun "ana share diski" yakan gifta ne kawai ya wuce, har idonta ya daina ganinsa. Da ajiyar ta fara aiki daidai, ba ta koma ta cire layukan ba, don ba su taɓa tsaya mata a hanya ba.

Aikin nata kam ta tsare shi. Kwafi ɗaya a wurin Mushe Alfari, ɗaya a akwatin saƙonta na intanet, kullum in ta tashi sai ta aika sabo. Saƙonnin Sha'ibu ma ta sha cewa za ta kwafe su. Waya ba wuri, kilen ajiya, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin inji, guda ɗaya gare ta, ƙarami, kuma cike yake da littattafan makaranta. Ta ce in ta fita takaba za ta sayi babba. Ba sakaci take ganin tana yi ba, komai ne a lokacin ya zama na gobe.

Wata safiya Mushe Alfari ya kira. Bayan gaisuwa da ya haƙuri, ya shiga magana.

"Madam, na duba abin da kinka aiko. Aiki ya yi. Amma abu guda ya rage. Malamai ba su yarda da sistam da bai taɓa taka inji na gaske ba. Cikin birtuwel kowa jarumi ne."

"To, Mushe, mi za ni yi?"

"Ki zuba shi a kile, ki tada ordinatar ɗinki da shi, ki ɗauko min bidiyo. Ko minti guda ne. Tashi daga kile ba ya taɓa abin da ke cikin inji, kin sani."

Ta sani. Kowa ya san haka, a shekarar farko ake koyar da shi. Kuma gaskiya ne, in dai sistam ɗin mai ladabi ne da ba ya taɓa abin da ba a ba shi ba.

Da hantsi ta kwashe littattafan da ke kilen, ta zuba sistam ɗinta a ciki. Ta goge wasu hotuna a waya don bidiyo ya sami wuri. Ta kashe injin, ta soka kilen, ta kunna, ta ɗaga waya tana ɗauka. Ta sa ran zai mutu, don inji na gaske ba ya yafe kuskuren da na ƙarya ke yafewa. Bai mutu ba. Allon ya yi baƙi, sai ga sallamar da ta rubuta masa ta fito a sama, fari tas, a kan gilashin gaske, ba taga ba komai. Abin da ta gina da hannunta ne kaɗai ke riƙe da injin nan gaba ɗaya. Ƙarƙashin sallamar wani layi ya fito ya tsaya. Ta ɗauka nauyin tsohon inji ne, ta tsayar da bidiyon, ta ce bari ya gama abin da yake yi ta sake ɗauka.

Daidai nan aka yi sallama a tsakar gida. Dangin Inna ne daga Tanda, mata cike da mota, waɗanda ruwa ya tsare wa hanya ba su samu zuwa gaisuwa da wuri ba. Nuriya ta ja mayafi, ta saki labule a kan injin yana ta aikinsa, ta fita.

Gaisuwar mutuwa ta mutanen ƙauye ba a yi mata gaggawa. Kowace sai ta matso ta durƙusa, wasu da Hausa, wasu da Dandanci. "Ina haƙuri?" "Fonda tilas." Nuriya na amsawa da murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye, yadda ake so. Aka kawo ruwa, aka dama fura. Aka ba da labarin Sha'ibu yana yaro, yadda ya taɓa faɗowa daga giginya, yadda yake kai musu gishiri da sabulu in ya dawo daga Kotonu. Aka yi azahar, aka ci tuwo, aka koma labari. Wata tsohuwa ta leƙa fuskar Nuriya ta ce wa ta kusa da ita, "Wagga yarinya akwai dauriya." Ba yabo ba ne.

Sai da babbarsu ta ɗaga hannu za a yi addu'ar tashi, kowa ya ɗaga, sannan kan Nuriya, da ba ya zama wuri ɗaya, ya koma ɗaki. Me ya tsayar da shi? Ta bi farkon sistam ɗin a ranta layi-layi, yadda ta saba. Sallama. Ƙirga ƙwaƙwalwa. Neman diski. Diskin farko da ya gani.

A cikin injin ƙarya, diskin farko na ƙarya ne. A nan ba injin ƙarya.

Hannuwanta na sama. Babbar tasu na jero addu'a, Allah shi haskaka kabarinsa, Allah shi sa ya huta, mata na cewa amin. Nuriya ta ji bakinta yana cewa amin tare da su. Ɗakin bai fi taku kaɗan daga inda take ba. Mai takaba ba ta tashi a tsakiyar addu'ar mijinta ta ruga ɗaki, amma ko da ana yi, ƙafafunta ba su nuna alamar za su tashi ba. Ta lissafa tun yaushe abin ke tafiya, tun hantsi, ga shi inuwa ta juya. Lissafin ya fito mata sarai kamar a takardar jarrabawa. Aka shafa, wata kuma ta ɗora tata addu'ar, aka sake shafawa.

Da aka fita rakiyar baƙin ta shiga ɗaki. Layin na nan inda ta bar shi, ana share diski, 'yar fitilar gefen injin na ta ƙyaftawa. Sistam ɗin bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ta ce ya yi shi yake yi, da ƙwazo. Ta danne maɓalli har ya mutu. Ta zare kilen, ta kunna. Injin ya yi ɗan nishi, ya rubuta cewa bai sami abin da zai tashi da shi ba.

Ta zauna a tabarma. Can ta tuna ba ta aika wa Mushe Alfari bidiyon ba, sai ta aika.

Da la'asar Inna ta ɗaga labule, a gajiye da baƙi amma ba ta fasa ba.

"Injin ya samu matsala, Inna. Sai an kai gyara."

"To. Allah shi sa a dace."

Seyni mai gyaran waya da ordinatar na bakin kasuwa ya zo da kansa, don abokin Sha'ibu ne. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan labule, ta yi masa bayani ba tare da ta rage komai ba. Ya ce zai gwada, wani lokaci akan tsinci abin da sharar ba ta kai gare shi ba. Kwanakin da injin ya yi a wurinsa, Inna ba ta daina zuwa bayan la'asar ba. Takan zauna a gefen tabarma ta ja carbi, ta tambaya ko an ji daga mai gyara, ta tashi.

Amsar Mushe Alfari ta riga ta Seyni zuwa. Ya ce madalla, ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa ɗalibai kaɗan ne sistam ɗinsu ya tashi a inji na gaske tun gwajin farko, ta shirya zuwa Doso da ta fita. Ta karanta, ta rubuta masa godiya.

Seyni ya dawo da injin ranar wata Laraba. Bai zauna ba.

"Na bi shi ciki da waje, Nuriya. Sharar ta ci gaba da yawa. Na samo takardun duwan kaɗan, da hoton tayar kamiyo, shi ma rabi. Bokal ko guda babu. Inda suke nan anka fara bi."

"Na gode, Seyni. Allah shi saka."

"Ki yi haƙuri."

"Ba komi."

Ta shiga da injin ta ajiye a kan kujerar tsugunno. Bayan la'asar Inna ta shigo, ta lallaɓa da hannu ta taɓa murfinsa, fuskarta ta saki.

"An maido shi. To saka min mutumin."

Nuriya ta yi tunanin ta ce mata kuran ne, ko ta ce sai gobe. Ta ga goben ma la'asar za ta yi.

"Inna, babu shi. Aikina ya goge su duka. Mai gyara ya nema bai samu ba."

"Duka?"

"Duka."

"Ba a wani wuri?"

"Babu."

Tsohuwar ta janye hannunta daga kan injin ta ɗora a cinya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Nuriya ta so ta yi faɗan, ko zagi ne, ko ta ɗaga sandar nan. A waje wata mai tallan ƙosai ta wuce tana kira.

"Aikin naki dai ya yi?" Inna ta tambaya can.

"Ya yi."

"To."

Suka zauna. Inna ba ta tashi ba, don lokacin tashinta bai yi ba. Ta juya carbi sau biyu a hannu ta ajiye.

"Akwai wanda ya yi a Kandi," ta ce, "randa taya ta fashe mishi cikin ruwan sama. Shi nike so yau. Ke kin ji shi da yawa. Faɗa min yadda ya ce."

Nuriya ta buɗe baki. Ta san saƙon, ta danna shi ya fi a ƙirga. Ta nemi muryar a kanta, yadda yake jan magana, inda yake tsayawa ya ja numfashi. Kalmomi ne suka zo, tsirara, kuma da muryarta ita suka zo. A karon farko tun ranar bakin kogi wani abu ya motsa a ƙirjinta, kuma ba kukan da ta yi ta jira ba ne. Tsoro ne.

"Ya ce, Nuri, ki gaya wa Inna muna Kandi, taya ta..."

"A'a. Ba da ke ya fara ba. Dariya ya fara yi."

"Dariyar a ƙarshe take, Inna. Bayan ya ce yaron mota ya faɗa taɓo."

"A'a, ɗiyata. Ba haka ya ce ba."

"To yaya ya ce?"

Inna ta gyara zama, ta ɗaga yatsa kamar mai shirin karatu, ta buɗe baki. Nuriya ta matso tana jira. Yatsan ya daɗe a sama, sannan tsohuwar ta sauke shi a hankali.